Tukunyar Kashe Gobara Ɗaya a Layinmu

Gidana ɗaki shida ne na haya, ban da sashen da muke ciki ni da iyalina. Da tuƙin babbar mota na gina shi, kuma babu ɗakin da ban kwana a cikinsa ba kafin in miƙa wa wani makulli, don in ji da kaina ko rufin yana yoyo. A layinmu ana ce mini Mai Hattara. Sunan tsokana ne, amma na amsa. Ni na fara sa wa rijiya murfi da kwaɗo, ni ne kuma na sayi tukunyar kashe gobara, ja, mai ɗan agogo a wuya, na rataye ta a bakin kicin ɗin 'yan haya tun ba wanda ya ce a saya.

Da sabuwar dokar gidajen haya ta fito, sai ta ce kowane gida ya mallaki irin wannan tukunya, ya kuma sami ƙofar fita ta baya. Za a zo a duba. Wanda bai cika ba, ba zai ƙara sa ɗan haya ba sai ya gyara. Kafin mutane su farga, tukwanen sun ƙare a shaguna.

Muka taru, mu masu gidaje, a ƙarƙashin rumfar Mai Katako, maƙwabcina da ke sayar da katako a bakin layi. Ciyaman ɗin ƙungiyarmu ne ya fara magana, yana share gumi.

"Ɗan haya ya kunna risho a gindin katifa, laifin mai gida. Ya cusa waya goma a soket ɗaya, laifin mai gida. Gobe za su ce mu riƙa yi musu fifita idan an ɗauke wuta!"

Aka yi dariya. Gaskiya akwai abin dubawa a maganarsa, don na sha kashe risho a ɗakin da mai shi ya tafi kallon ƙwallo.

Sai ya juyo gare ni. "Mai Hattara, yau ranarka ce. Bayan gidajenmu a manne suke. Idan masu dubawa sun gama da gidana, in miƙa wa Mai Katako tukunyarka ta kan katanga, shi ya miƙa gaba, har ta dawo gidanka kafin su iso. Kowa ya buga ƙusar da zai rataye ta kawai."

Na ce raina bai kwanta ba. Suka ce ai raina bai taɓa kwanciya ba tun da suka san ni. Mutanen nan da su muka tare a layin tun yana fili, su suka riƙe mini gida lokacin da nake kwana a hanya. Na ji nauyinsu. Da yamma Ciyaman ya zo ya ɗauki tukunyar a cikin buhu.

Ranar dubawar, muna karyawa da safe, 'yata Auta ta fito da rigar aikinta a goge. Ba ta daɗe da samun aiki a ofishin kula da gidajen haya ba, kuma a wata unguwa can nesa aka sa ta. Ina kallon rigar nan kullum kamar ni zan sa.

"Baba, yau layinmu zan zo," in ji ta. "Wadda aka sa ba ta da lafiya. Na faɗa wa Oga akwai gidanmu a ciki, ya ce shi zai duba namu, ni in tsaya a waje."

Kafin in haɗa kalma biyu ta ɗauki jakarta ta fita.

Mamanta ta ajiye kofi ta dube ni. "Ka dai san duk abin da ta duba, sunanta ake rubutawa a kai."

"Na sani."

"To zaman me kake yi?"

Na zura takalmi na nufi gidan Ciyaman don in karɓo kayana, sai aka tsare ni a ƙofa. Bakaniken da ke ɗakin ƙarshe ya tare ni da maganar famfo, matar telan da ke ɗaki na biyu ta ɗora da ta kwata. Kafin in kuɓuta motar ofishin ta riga ta tsaya. Na isa gidan Ciyaman na tarar sun gama. Ogan, wani siriri mai tabarau, shi ya shiga kicin, Auta kuma tana auna ƙofar baya, ba ta ga komai ba. Suna fitowa ta gaba, na leƙa ta baya. Ga Ciyaman a kan tsani, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, yana nishi, yana miƙa tukunyata ga hannuwa biyu da suka ɓullo daga wancan gefen.

"Ciyaman, sauko da ita," na ce. "'Yata ce a cikinsu."

"Ai shi ya fi sauƙi! Ta gida ce."

Tukunyar ta riga ta haye.

Na zagaya da sauri zuwa gidan Mai Katako. Tsakar gidan cike da 'yan haya masu kallo. Mai Katako ya yi wa tukunyar wani kyakkyawan akwati na katako a bango, har da fenti, yana tsaye kusa da shi yana haki. Ogan ya nuna wa Auta da biro.

"Duba wannan, ki sa hannu."

Ta durƙusa. Ta duba agogon, ta duba bututun. Sai na ga babban yatsanta ya tsaya a gindin tukunyar, inda ta lotsa ranar da ita da yayanta suka kayar da ita suna jan kabad. Ita ce fa ke goge tukunyar nan duk ƙarshen mako tun tana firamare. Ta ɗago kai, idonta ya faɗa kaina a bakin ƙofa.

Idan ta sa hannu, ta sa sunanta a kan ƙarya tun aikin bai san ta ba, kuma duk ranar da wuta ta tashi a gidan nan ita za a nema. Na buɗe baki in ɗauke mata nauyin, amma ta riga ni.

"Oga, tukunyar lafiyarta ƙalau. Sai dai ba ta gidan nan ba ce. Ta gidanmu ce."



"Ke Auta!" in ji Mai Katako. "Ni fa na ƙera miki teburin karatu!"

"Na sani, Baba, har yanzu bai ko girgiza ba. Akwatin nan ma ya yi kyau ƙwarai. Tukunyar ce dai ta babana."

Wata tsohuwa cikin 'yan hayar ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Ogan ya juyo gare ni ta saman tabarau. "Baba, haka ne?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Tawa ce. Ni na ba da aronta."

"Gida nawa ta shiga yau?"

A daidai lokacin sai kan maƙwabcin gaba ya ɓullo ta saman katanga yana cewa, "Mai Katako, sun tafi? Miƙo!" Da ya ga taron, sai kan ya nutse a hankali.

Ogan ya cire tabarau ya goge idonsa. Ya ce ya soke sakamakon gidan Ciyaman, kuma za su dawo layin gaba ɗaya idan kaya sun iso shaguna, amma a ranar kowa zai fito da tasa tukunyar bakin ƙofa a lokaci guda. Ya ce in ɗauki kayana.

Na saɓa ta a kafaɗa na bi ta tsakiyar titi, ana kallona daga tagogi. Tana da nauyi, amma ban sauya kafaɗa ba har gida. Na mayar da ita ƙusarta. Ogan ya shigo ya duba gidana lungu-lungu, Auta na tsaye a waje cikin rana kamar yadda aka ce mata. Bai sami komai ba sai babur ɗin bakanike da ya tokare ƙofar baya. Muka janye shi a gabansa.

Da zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya kira Auta.

"Layin gaba ke za ki shiga gaba, ni ina biye da ke. Abin da kika gani shi za mu rubuta."

"To, Oga."

Ta ɗan dube ni, kamar mai tambaya ko ina fushi. Na ce mata, "Je ki, aiki na jiranki. Ki bi inuwa."

Ina tsaye ina kallon bayanta har suka sha kwana. Sai ga Ciyaman ya taho yana ɗingishi, gefen rigarsa ya yage a tsani. Bai yi mini sallama ba. Ya tsaya ya dubi inda nake kallo, ya girgiza kai.

"Mai Hattara, wallahi ka haifa mana bala'i a layin nan."

"Eh," na ce. "Ni na haife ta."