Tsinken Muhammad Awwal

Ni ne Maikuɗi mai tsire na Harra ta Gabas. Duk wanda bai san ni ba a Madina, to jiya ya sauka. Da ƙafata na ratso Chadi da Sudan ina saurayi, na haye teku a kwalekwalen da rabin mutanen cikinsa ba su ga gaɓa ba. Kwalara ta kama ni ta sake ni. Gobara ta cinye mini rumfa na sake kafawa. Ban taɓa zama a aji ba, amma ban ga mai digirin da ya fi ni riƙe abu a rai ba.

Jikana Abdulfattah a nan aka haife shi, kuma shi ne na farko a gidana da ya shiga jami'a. Kamar sauran yaranmu na nan, ka yi masa Hausa ya ji ka tsaf, ya amsa maka da Larabci. A jami'ar tasu ana gasar ƙwallo duk shekara, kowace ƙasa da ƙungiyarta. Yaron ya ce shi ta 'yan Najeriya zai buga wa, tunda jininsu ne. Na ji daɗi har na gasa nama tire guda, na ɗauki tasi na kai musu filin atisaye.

Kyaftin ɗinsu wani ɗan Kano ne, Muhammad Awwal, wanda karatu ya kawo shi, ko titin Sultana bai gama sani ba. Ya zari tsirena yana ci, maiƙo na bin haɓarsa, ya ce, "Baba, gaskiya jikan nan naka ba namu ba ne. Mu a fili da Hausa muke shirya wasa don kada abokan karawa su gane. Shi kuwa ko 'zo' bai sani ba."

Na ce, "Ka tambaye shi?"

"Na yi masa magana ya ce mini 'tayyib', wai 'to' ke nan da Larabci. Ku mutanen nan kun zo kun zubar da harshe, sai baƙar fata da tsire suka rage muku."

Suka kwashe da dariya. Abdulfattah ya sunkuyar da kai, don ya ji komai. Ni da teku bai ci ba, yau yaro ke ce mini gidana ya zube, da namana a bakinsa! Na ɗauki tirena na kama hanya.

A tasi na ce wa yaron, "Daga yau kada kalmar Hausa ta fita bakinka a jami'ar nan sai na ce. Ka je ƙungiyar 'yan gari su ɗauke ka."

"Lesh, ya jaddi?" Wato don me, kaka.

"Don na ce. Ka zama kurma a wurin 'yan Najeriyar nan. Ko zagin uwarka suka yi, ka yi murmushi."

Kuma sun yi. Duk tsawon kakar wasan nan, in ya wuce su a hanyar aji sai su ce ga Balaraben gawayi nan, ga jikan mai tsire. Yakan dawo gida idonsa jawur, ya ce, "Wallah ya jaddi, na gaji." Ni kuwa in ƙara masa nama in ce ya haɗiye. Kakarsa Tasallah ta ce in ji tsoron Allah in bar yaro ya huta. Na ce mata ai don hutun nasa nake yi.

'Yan Najeriya kam sun buga ƙwallo, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun lallasa 'yan Indunusiya, sun fitar da 'yan Mali, duk albarkacin dabarar nan tasu ta ihu da Hausa. Ni kuma kowane wasa sai na yi musu addu'ar nasara, don ba na son kowa ya taɓa su kafin ni. 'Yan gari ma suka yi ta hawa, Abdulfattah na tsare musu baya kamar katanga. Allah Ya haɗa su a wasan ƙarshe.

Ranar bayan la'asar na sa babbar rigata, na zo da tire a rufe. Aka yi ta gwabzawa babu ci. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba 'yan Najeriya bugun tazara a bakin gidan 'yan gari. Muhammad Awwal ya tsaya, jikana na gabansa, ya ɗaga murya har ni da ke gefen fili na ji yana ce wa wani ɗan wasansu: "Jidda, yi kamar za ka buga ka tsallake! Zan gangara wa Habu ta hagu, babu kowa a can!"

Kafin ƙwallon ta isa ga Habu, Abdulfattah ya riga shi. Ya kwashe ta ya zura da gudu, duk 'yan bayansu sun hau gaba neman ci, fili fayau. Mai tsaron gida ya fito, yaron ya yanke shi, ya zuba ta a raga. Ci ɗaya mai ban haushi. Na yi ihun da rabona da irinsa tun ranar da na taka ƙasar Jidda.

Da aka tashi na shiga fili, na kama hannun yaron na ja shi gaban Muhammad Awwal, wanda ke zaune a ciyawa ya dafe kai. Na ce, "Yanzu buɗe bakinka."

Abdulfattah ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Kyaftin. Da ka ce ta hagu, ai na gode."

Harshensa ya karkace, Hausar na jan ƙafa, amma kowa ya ji. Habu ya ce, "Innalillahi! Ashe yana ji?"

Na ce, "Tun ranar tsire yake ji."

Na buɗe tire na raba wa 'yan gari, har alƙalin wasa ya samu. Sannan na zaro tsinke guda wanda babu ko ɗigon nama a jikinsa, na miƙa wa Muhammad Awwal.

"Riƙe, ɗana. Sakace haƙoranka, naman nan nawa da ka ci har yanzu ina hango shi."