Ioana Ba Ta Magana a Tsaye

Tiresa ta sake shimfiɗa takardar gwajin Turancin 'yarta Ioana a kan teburin kicin, ta danne gefenta da kofin shayi don kada fanka ta ɗauke ta. Gida huɗu ne a jiki. Sauraro, mataki na uku. Karatu, na uku. Rubutu, na biyu. A gidan magana kuwa an rubuta: ba ta amsa ba.

Daga ƙasa malamar Turanci ta ƙara layi biyu. An gwada Ioana har sau biyu. Idan Juma'a ta wuce babu sakamakon magana, za a mayar da ita cibiyar 'yan farkon koyon Turanci har zango biyu.

Cibiyar bas biyu ce daga gidansu a garin Logan. Tiresa kuma ƙarfe shida na safe take kama aiki a gidan kula da tsofaffi. Yarinya 'yar shekara bakwai, wata takwas kacal da barin tsibirinsu na Savai'i a ƙasar Samoa, wa zai canza mata mota?

"Wai Ioana ce ba ta magana?" in ji Fuarosa, mahaifiyar Tiresa, tana zaune a tabarma tana ɓare ɗanyar ayaba. "Su turo malamar ta kwana nan sau ɗaya. Da safe da kanta za ta roƙe ki ki toshe mata baki. Jiya da Turancin ta yi wa kajin maƙwabta faɗa."

"Mama, ba wasa ba ne."

"Na ce miki wasa ne? Ki je ki gani da idonki."

Ranar Alhamis Tiresa ta yi musayar aiki da wata abokiyarta, ta isa makarantar ana dab da tashi, ta ɗauko Ioana daga aji. Tun farkon mako ta tambaye ta fiye da sau uku abin da ya hana ta amsawa. Yarinyar kafaɗa kawai take ɗagawa.

Ɗakin Malama Brennan, malamar Turancin, ƙarami ne, tebur ɗaya, kujerar manya ɗaya, hotuna a bango. Malamar na zaune tana cike wata takarda. Ta ɗago da murmushi ta ce su shigo. Tiresa ta buɗe baki za ta gaishe ta, sai ta ji maganar ta maƙale. Ta waiwaya tana neman abin zama, ta jawo wata 'yar kujerar yara, ta zauna gwiwoyinta na kusan taɓa ƙirjinta, sannan ta yi gaisuwa.

"Na san tana ji," in ji malamar. "Duk abin da na ce ta nuna a hoto tana nunawa daidai. Amma ni abin da aka ce in auna shi ne abin da ya fito daga bakinta. Ba zan rubuta abin da ban ji ba."

"Yaya kike gwada su, Malama?"

"Sauƙi gare shi. Yaro ya tsaya a kan wancan layin, saboda na'ura ta ɗauki muryarsa sosai. Ni ina nan zaune da hoto, ya ba ni labarin abin da yake gani, minti biyu."

Tiresa ta dubi inda aka nuna. Wani jan layi ne manne a ƙasa, taku biyu daga tebur. Ta dubi Ioana, wadda tun shigowarsu ta zame ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ta naɗe ƙafafu. Sannan ta dubi 'yar kujerar da ita kanta ta cusa jikinta a ciki.

Ta tuna wata Lahadi a ƙauye, Ioana na shekara huɗu, ta shigo a guje tana tsaye tana ba fasto labarin kaguwa, shi yana zaune. Tiresa ce ta murɗe mata kunne a bayan ɗaki. Babba yana zaune ba a yi masa magana a tsaye. Ki zauna tukuna, sai ki buɗe baki. Ba ta sake maimaitawa ba, don yarinyar ba ta sake yi ba.

"Malama," ta ce a hankali, "laifina ne. Ni na hana ta."

Ta yi bayani da gajeren Turancinta. Malama Brennan ta ajiye biro, ta daɗe tana kallon jan layin.

"Shekara shida ina tsayar da yara a nan," ta ce. "Ban san nawa na tura cibiyar ba saboda wannan."

Ta ɗauki na'urar da hoton, ta cire takalma, ta sauko ta zauna a ƙasa gaban Ioana. Gwiwarta ta yi ƙara. Ioana ta rufe baki da hannu.

"Ki yi dariyarki, tsufa ne. To, me kike gani a nan?"

Ioana ta kalli uwarta. Tiresa ta ɗaga mata gira alamar ta yi magana.

Hoton bakin teku ne, da yara, da kare, da wani mutum yana tafiya yana cin burodi. Ioana ta fara da karen, ta ba shi suna, ta ce yunwa yake ji. Ta ce jirgin ruwan da ke can baya bai kai na kawunta ba. Da ta zo kan mutumin sai ta ɓata fuska ta ce ba shi da tarbiyya, yana ci yana tafiya, da Kaka ta gan shi da ya sha tsintsiya. Wasu kalmomin ta juya su baibai, ɗaya ta ƙi zuwa sai ta faɗe ta da harshen Samoa ta ci gaba. Minti biyu suka wuce, huɗu suka wuce, malamar ba ta tsayar da ita ba.

A gidan magana ta rubuta mataki na uku.

"Tana nan a ajinta," ta ce. "Amma ki sani, zango mai zuwa kowane yaro zai tsaya gaban aji ya yi bayani, malamin ajin yana zaune. Wannan ba a hannuna yake ba."

A cikin bas Ioana ta yi ta zuba, Tiresa na amsawa da ka.

Sun tarar da Fuarosa a tabarmarta, ayaba ta dahu cikin ruwan kwakwa, ƙamshi ya cika gida. Tiresa ta ba ta labari daga farko har ƙarshe. Sannan ta jawo kujera tsakiyar ɗaki ta zauna.

"Ioana, tashi tsaye. Ba ni labarin karen nan."

Yarinyar ba ta motsa ba. Idonta na kan kakarta da ke zaune a tabarma.

"Minti biyu kullum, Mama," in ji Tiresa, ba tare da ta ɗago ba. "Don makaranta kawai."

Fuarosa ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki kofinta.

"Bari in duba gwazar nan da na dasa, ko tana son ruwa."

Ta fita baranda. Ƙofar kuwa ba ta ja ta ba.