Mota Mai Kujera Biyu

Wanda ya ɗauki hoton motar nan durƙusawa ya yi, amma Abdulmumini bai gane haka ba sai da motar ta iso. A cikin waya ta fito ja wur, mai faɗin goshi, cike da ido. Habibullahi, wani dillalin motoci a Maraɗi, shi ya turo masa hoton, ya ce ta wani Bature ce da aikinsa ya ƙare zai koma gida, kuma ba ta san wahala ba. Lokacin kaka ne, cinikin aya ya buɗe a Agiye, Abdulmumini ba shi da sararin sosa ƙeya balle tafiya Maraɗi. Sai ya ƙulla ciniki ta waya, ya ce a kawo.

Ranar Talata da hantsi aka ajiye ta ƙofar shagonsa. Ya fito yana kakkaɓe hannu, ya zagaya ta sau ɗaya, ya sake zagayawa, yana neman inda ta ci gaba. Tsayinta bai wuce ƙugunsa ba. Rufi babu. Wai akwai na tamfol a naɗe a baya, amma direban da ya kawo ta ya ja, ya danna, ya jijjiga, ya ce shi ma bai san makamarsa ba. Kujeru kuwa biyu ne cak.

Abdulmumini ya ce, "Ina mutane ka zama?"

Direban ya nuna kujerun. "Kai nan, wani nan."

"Saura fa?"

"Saura su bi motar haya, Alhaji."

Maƙwabtan shago suka taru suna sa albarka, kowa yana danne dariya a ciki. Shi dai ya tsaya da makulli a hannu, shi bai ga abin dariya ba, domin ba don Agiye ta gan shi ya sayi mota ba. Don mutum ɗaya ya saye ta.

Mahaifiyarsa Yelwa tana zaune a wani ƙauye kusa da Gidan Sori, wajen autanta Aminullahi. Abdulmumini shi ne ɗan farinta, ita kuwa cikin makiyaya ta tashi, inda kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Kakarsa ce ta goya shi. Shekararsa arba'in da uku, bai taɓa zama tabarma ɗaya da uwar da ta haife shi ba. In ya je gaisuwa, yana tsugune a ƙofar ɗaki, ita tana amsa wa tukunya. In tana son sanin ko ya ci abinci sai ta ce da wani, "Ku tambayi mutumin Agiye." Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma sanin bai taɓa hana abin yi masa ciwo ba.

To ga shi yayar Yelwa, Maimuna, da ke Gazawa idonta ya yi rauni, ta aiko tana son su gana. Tafiyar da Yelwa ta yi bara a motar haya, an matse ta tsakanin buhuna, ta dawo gwiwoyi a kumbure, ta yi sati ba ta taka ba. Shi ya sa Abdulmumini ya aika cewa kada ta sake shiga motar kowa, shi zai zo da tasa ya kai ta. Amsa ta dawo ta bakin Aminullahi, kalma ɗaya: to. Tun ranar yake saƙa tafiyar a ransa. Ita tana kujerar baya, shi yana gaba, hanya mai nisa, ga madubi. Zai riƙa ɗaga ido yana ganin fuskarta ba tare da kowa ya kama shi ba. Iyakar abin da yake so ke nan, mutum mai 'ya'ya biyar da furfura a gemu.

Ranar Alhamis da sassafe ya kama hanya, don an riga an sa rana. Shiga motar ma aiki ce. Ya sa ƙafa, ya saki jiki yana jiran kujera ta tare shi, ta ƙi tare shi sai da ya kusa kai ƙasa. Ya iya tuƙi, ya yi shekaru yana jan motar ɗaukar kaya ta ubangidansa, amma waccan sai ka yi kokawa da ita kafin ta juya. Wannan kuwa ko tunanin juyawa ka yi ta riga ta juya. Yana taɓa mai ta zabura, hularsa ta tashi tun bai bar gari ba. Ya tsaya ya koma ya ɗauko ta, ya danna a ka, ta sake tashi gaban tasha. A karo na uku sai ya zauna a kanta. Babbar rigarsa ta sha iska ta kumbura, hannuwanta suna marinsa a fuska.

Ga kuma gaisuwa. Mai mota yakan ɗaga gilashi ya wuce abinsa, a ce bai gani ba. Shi kuwa a fili yake kamar kayan talla. Duk wanda ya san shi sai ya kira sunansa, shi kuma dole ya amsa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, yana ɗaga kai sama kamar mai neman alfarma. Babbar mota ta wuce shi, ya ga tayarta ta fi kansa tsawo. Wani bijimi ya tsaya a bakin hanya ya leƙo shi daga sama. A shingen jandarma, jami'in ya duba takardu ya ga komai daidai, ya miƙo masa, sannan ya sunkuyo da ladabi ya tambaye shi ko sauran motar tana tafe a baya.

Amma gaskiya a faɗe ta, bayan ya wuce Cadawa hanya ta miƙe, babu kowa, ya ɗan ƙara taka ta. Motar ta kwanta a kan kwalta tana gurnani a hankali, ƙamshin karan gero da aka yanke yana shigar masa hanci, sararin sama duka a kansa. Sai ya ji kansa yana dariya shi kaɗai. Ya rasa ko an cuce shi ne ko an yi masa gata. Yana cikin wannan daɗin ya waiwaya dama, ya ga kujerar da babu kowa, tazararta da kafaɗarsa bai kai kamu ɗaya ba. Dariyar ta tsaya.

Daga nan har Tibiri lissafi yake yi. Ya buɗe but, ma'ajiyar kayan motar, a ransa, ya ga ko tunkiya ba za ta shiga ba. Ya ce ko uwar tasa ta zauna ta juya masa baya, ya ga ba a tafiya Gazawa a karkace. A Tibiri dabara ta zo masa, ya kuma ɗauke ta babbar dabara. Ya tsaya wajen wani mai shago ya roƙi kwalin taliya, ya yanke shi da wuƙa, ya soka shi a tsaye tsakanin kujerun biyu, ya fasa rami inda hannunsa zai kai ga giya. Ya zauna ya gwada. Ba ya ganin kujerar dama, wanda ke kujerar dama ba zai gan shi ba. Ya ce a ransa ai ɗaki biyu ke nan.

Da ya bar kwalta ya shiga hanyar ƙauye, cikin motar ya riƙa shafar ƙasa, har ta zauna daɓas a rairayi. Wasu magidanta huɗu da ke kan amalanke suka sauko, ba su ma tura ba, ɗaga bayanta suka yi kamar gado suka ajiye gefe. Suka ƙi karɓar ko goro, suka ce kallon ya ishe su.

Azahar ta gabato sa'ad da ya isa. Yelwa ta shirya tun safe, kayanta a ƙofar gida: ɗan buhun gero, tabarma a naɗe, da ƙunshin daddawa da kuka. Ta fito da sabon zane, siririyar tsohuwa mai tafiya a miƙe. Abdulmumini ya tuɓe takalmi ya tsuguna ya gaishe ta, ta amsa wa katanga. Sannan ta dubi motar. Ta daɗe tana dubanta.

Ta ce da Aminullahi, "Tambaye shi ina bayan."

Aminullahi ya ce, "Inna, ba ta da baya."

"Ina anka taɓa mota ba baya?"

Abdulmumini ya miƙe ya matsa kusa da motar, ya dafa kwalin, ya ce da ƙaninsa da murya ƙasa-ƙasa, "Ce mata na gyara. Ga shi, an raba."

Da ya bar kwalin nan a Tibiri da ya fi masa. Kunyar da ke tsakaninsu abu ce da ba a ambata, kowa yana kewaye ta ya wuce. Shi kuwa ya yanko ta ya kafa a tsakiyar mota, da hoton taliya a jiki, gaban surukarta A'isha, matar Aminullahi, da matan maƙwabta. Wata ta kasa daurewa ta tuntsire. Yelwa ta ja mayafi ta rufe baki, ta juya ta koma cikin gida. Daga zaure ya jiyo ta tana ce wa A'isha ta shigo da kayan, za ta jira motar ranar kasuwa.

Ya tsaya a rana ba takalmi. Ya rasa wa zai ji haushi: Habibullahi, ko mai hoton, ko Baturen da bai da uwa da zai ɗauka, ko kansa. Ya tuna gwiwoyinta, ya tuna tsohuwar da ke jira a Gazawa tana ƙirga kwanaki da idon da ke dushewa. Ya zare kwalin ya jefar. Ya miƙa wa Aminullahi makulli.

"Ka iya?"

"Na ja motar ƙungiya shekara biyu, Yaya."

"Wagga ba ta son ƙarfi. Lallaɓa ta za ka yi. Ba ni babur ɗinka."

Aminullahi ya shiga ya faɗa mata. Ba a jima ba sai ga ta ta fito. Ta riƙe wuyan autanta ya zaunar da ita, tana gangarawa tana gangarawa, har ta ce, "Kai auta, ƙasa za ka aje ni?" Matan suka yi dariya, ita ma ta yi. Abdulmumini ya ɗora kayanta a bayan babur ya ɗaure tamau da igiyar roba, ya ciro hularsa da ta lanƙwashe daga ƙarƙashin Aminullahi, ya bi su a baya.

Da motar mai rufi ce da ya huta, da ƙarfe kawai zai riƙa gani. Wannan kuwa ba ta ɓoye komai. Tun da suka hau kwalta yake kallon uwarsa tana hira. Tana nuna gonaki da hannu. Iska ta fizge mata ɗankwali ta cafke shi, ta kai wa Aminullahi duka a kafaɗa, ta jingina da shi tana dariya har kanta yana rawa. Ta ɓare wani abu ta sa masa a baki yana tuƙi. Abdulmumini bai taɓa sanin tana da surutu haka ba. Ya yi murna, wallahi ya yi murna, motarsa ce, kuma ga ta zaune a sake babu mai matse ta. Kuma kishin ƙaninsa ya tokare masa ƙirji kamar yaro ɗan shekara shida. Ya kasa raba ɗaya daga ɗaya. Idonsa ya riƙa kawo ruwa, ya ɗora wa iska laifi, har ya daina ganin hanya sosai.

Bayan sun wuce Tibiri ya sauka gefen titi ƙarƙashin wani gawo ya kashe babur. Bai yi musu alama ba. Ya ce a ransa su je, ai sun san hanya, babu wanda zai lura. Jar motar ta yi ta ƙanƙancewa har ta kusa ɓacewa. Can sai ya ga ta ratse ta tsaya.

Wayarsa ta yi ƙara. Aminullahi ne.

"Yaya, lahiya? Inna ta ce in tsaya. Ta ce ko ƙwaryatta ce ta hwaɗi."

Abdulmumini ya waiwaya ya dubi kayan. Buhu, tabarma, ƙunshi. Shi ya ɗaure su da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, babu ƙwarya a ciki, ba a ma fito da ita daga gida ba.

Ya ce, "Wace ƙwarya?"

Aminullahi bai kai ga amsawa ba, sai ga muryarta kusa da wayar, kusa ƙwarai, kusancin da bai taɓa jin ta ba.

"Ce mai shi duba da kyau, kar shi yi gaggawa. Muna nan muna jira."

Ya riƙe wayar a kunne, ya goge fuska da hannun riga.

"Ce mata na gan ta. Ba ta fashe ba."

Ya tayar da babur.