Ba Lambarta Ba Ce

Shekara ashirin da bakwai ina koyar da ilimin noma a makarantar sakandare ɗaya a Kafanchan, kuma ban taɓa shuka abin da ban ga maƙwabcina ya girbe lafiya ba. Sau biyu aka ba ni mataimakin firinsifal, sau ɗaya a wani ƙauye bayan Samaru Kataf, sau ɗaya wajen Kujama. Duka biyun na je ofis da hula a hannu na roƙa a bar ni inda nake. Waɗanda suka karɓi kujerun, yau su nake tashi wa tsaye in sun shigo. Ɗaya ma ɗalibina ne, ni na koya masa tazarar da ake bari tsakanin masara da masara. Abokan aiki suna kirana Malam Azariya A-Bi-A-Hankali, ina kuwa amsawa, don ni a wurina da muguwar rawa gara ƙin tashi.

'Yata Milka ba ni ta biyo ba. Uwarta Hulda ta biyo, matar da ta taɓa hawa bayan motar citta har Kano ba ta san kowa a can ba, ta dawo da abokan ciniki uku. Milka ta gama makarantar nas tana kan gaba a ajinsu. Tun tana ƙarama in an yanka kaza ita ke tsayawa ta ga abin da ke ciki.

A watan Janairu wani babban asibitin kuɗi a Abuja ya yi shelar neman nas. Ita da ƙawarta Doreen suka je suka cike fom. A satin nan aka zare wa Milka waya a kasuwa, sai ta sa lambata.

"Baba, kar ka bar caji ya ƙare fa," ta ce. "In saƙo ya shigo, ko wanka nake ka buga mini ƙofa."

"To, ranki ya daɗe," na ce. "Sakatarenki ya ji."

Saƙon ya zo ranar wata Talata, ina lambun makaranta ina duba kunyoyin doya. Na sa tabarau na karanta. Ana gayyatar Milka Azariya intabiyu ranar Juma'a, ƙarfe tara na safe.

Sai da na yi murna, wannan Allah ya sani. Na yi ta kamar minti guda. Daga nan kaina ya shiga mota ya kama hanya: Kwoi, Kagarko, dajin nan kafin Jere. A dajin aka tare motar su Malam Eli, malaminmu na lissafi, shekara biyu da suka wuce. Kwana talatin da shida ya yi a hannun masu garkuwa. Ya dawo da ƙafafunsa, amma har yau ba ya zama ya juya wa ƙofa baya, in alli ya faɗi ƙasa sai ya zabura. Kuma in Milka ta sami aikin, ba tafiya ɗaya ba ce. Kirsimeti za ta zo, Ista za ta zo, biki, jana'iza, duk a kan wannan hanyar.

Ni mutum ne da ban iya ajiye lamba a waya ba sai an taya ni. Ranar nan, ba wanda ya koya mini, na gano inda ake goge saƙo. Wayar ma ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce mata na tabbata.

Da yamma Doreen ta shigo gidanmu tana rawa, nata saƙon ya zo, an ce ta je ranar Alhamis. Milka ta rungume ta, sannan ta juyo ta miƙo mini hannu. Na ba ta wayar. Ta duba daga sama har ƙasa, ta sake dubawa, ta kashe ta kunna.

"Wataƙila layi-layi suke turawa," in ji Doreen. "Ke da kika fi mu duka? Zai zo."

Ranar Juma'a da misalin tara da rabi ina ɗakin malamai wayar ta yi ƙara. Muryar mace ce, da Turanci mai santsi. Ta ce daga asibiti take kira, ana jiran Milka Azariya, ko tana kan hanya? Na fita bayan ɗakin, na tsaya kusa da tankin ruwa. Na ce mata ta yi haƙuri, ba lambarta ba ce. Ta karanto lambar ɗaya bayan ɗaya. Na ce lalle lambar ke nan, amma ban san mai wannan sunan ba. Ni da na raɗa mata shi.

A gidanmu muna addu'ar safe kafin kowa ya fita, kuma ni nake jagora, dattijon ikilisiya guda. Kowace safiya Hulda takan ce, "Baban Milka, ka sa maganar aikin nan." Sai in rufe ido in ce, "Ya Ubangiji, ka buɗe wa baiwarka Milka ƙofa." Su ce amin. Ban san yadda addu'ar take isa sama ba, amma na san akan yi dariya a wani wuri.

Doreen ta sami aikin. Milka ta raka ta tasha, ta dawo ta shiga ɗaki. Sati biyu tana karɓar wayata kullum, daga baya ta daina. Littattafanta da suke kan tebur suka koma kwali, kwalin ya koma ƙarƙashin gado. Wata rana na ji tana ce wa uwarta a kicin, "Mama, ko kira ma ba su kira ni ba. Ashe duk abin nan a makaranta ne kawai."

Ina tsakar gida ina wanke babur. Na ci gaba da wankewa. Na ce a raina za ta warware, yaro ne, gara ɓacin rai a gida da kuka a daji. Ina da irin waɗannan maganganun da yawa, ban taɓa rasa wadda zan ba kaina ba.

Ranar Lahadin Ista Doreen ta zo gida. Bayan sujada muna tsaye a ƙofar coci ana gaishe-gaishe, 'yan zumuntar mata suna ta wucewa da anko, sai ga ta da takalmi mai tsini. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaishe da Hulda, sannan ta kama hannun Milka.

"Ke, ina da magana, tun shekaranjiya yake cina. Kin san sunanki ya fito? Ran Juma'a aka sa ki. Madam Rukayya na ofishinmu ne ta tambaye ni, wai ku 'yan Kafanchan ina Milka Azariya, takardunta sun fi na kowa amma ba ta zo ba."

"Ba su turo saƙo ba," in ji Milka.

"Sun turo. Har kira ta yi da kanta. Wai wani namiji ya ɗauka ya ce ba lambarki ba ne. Na ce mata ko kin rubuta lamba ba daidai ba."

Milka ta zare hannunta daga na Doreen. Ta juyo ta dube ni. Ba harara ba ce, irin duban nan ne da nas take yi wa ma'aunin zafi. Ni kuwa na tsaya da Littafi Mai Tsarki a hammata ina murmushi, don wani dattijo yana ɗaga mini hannu daga nesa.

Muka isa gida. Milka ta wuce ɗaki. Hulda ta cire ɗankwali ta ninke shi a hankali, ta zauna a bakin gado.

"Kai ne?"

"Maman Milka, kin san hanyar nan. Kin ga Eli."

"Na tambaye ka hanya? Na ce kai ne?"

"Ni ne."

"Kana kuma sa mu muna cewa amin." Ta ajiye ɗankwalin a gefe. "Naka rayuwan ka zauna a kansa kamar kaza a kan ƙwai, shekara nawa, ban ce maka komai ba. Ko ɗan tsako bai fito ba. Yanzu ka tashi ka koma kan na yarinya."

Na ce don ina sonta ne. Hulda ta ce ta sani, abin da ya sa ma ba ta san inda za ta kai ƙara ba ke nan.

Sati guda Milka tana gaishe ni da safe, ta kawo mini ruwan wanka, ta ɗauke kwano in na gama ci. Da ta zage ni da na samu sauƙi. A sati na biyu na nemi izinin kwana ɗaya a makaranta, na ce zan je ganin likita, wanda kusan gaskiya ne. Na sa rigar da nake zuwa taron dattawa, na shiga motar Abuja. Ban gaya wa kowa ba sai Hulda, ita ma cewa ta yi, "Allah ya kiyaye," ba ta ɗago daga tsintar acca ba.

Na zauna a tsakiya, don na lissafa cewa na bakin ƙofa ake fara ja. Daga Kagarko na fara karanta Zabura a zuci. Kowane kututture mutum ne da bindiga. Matar da ke gefena tana ta barci da baki buɗe, direba yana musu da wani fasinja a kan ƙwallo. Muka ratsa dajin. Abin da na gani shi ne shanu, da wata mota da ta yi faci. A Jere direba ya tsaya shan mai, masu talla suka rufe mu, na sayi ayaba. Abin da ya same ni ke nan a hanyar da na sayar da 'yata saboda ita: ayaba, ita ma ba ta gama nuna ba.

A asibitin aka nuna mini ofishin Madam Rukayya. Mace ce mai tabarau, ba ta kai ni shekaru ba. Na gaishe ta, na fara bayani da ba ta haƙuri. Ban kai rabi ba ta ajiye biro.

"Sake cewa 'ki yi haƙuri' in ji."

Na sake.

"Kai ne," ta ce da Hausa. "Malam, ni na kira ka. Har na karanto maka lambar."

Na ba ta labarin Eli, na ba ta labarin daji. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba.

"Ni 'yar Birnin Gwari ce," ta ce. "Mahaifina da kansa ya sa ni a mota." Ta jawo durowa. "Gurbin an cike shi tun Fabrairu. Za mu sake ɗauka a watan Yuni. Ga fom. Ta cike da hannunta, ta kawo da ƙafarta kafin ƙarshen Mayu. Ba na yi maka alkawari ba ne. Kuma don Allah kar ka rako ta."

Na dawo ta hanyar da na bi, fom ɗin a cikin riga, a kan ƙirji. Ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Har na shirya yadda zan ba da labarin a ɗakin malamai.

Ban sami Milka a gida ba. Hulda ta ce tana kemis ɗin Oga Francis, gida uku daga namu, ranar ta fara aiki. Na tafi can. Tana bayan kanta tana jera kwalaye, ba farar riga, atamfa ce ta gida. Na jira wata mata ta gama sayen maganin tari, sannan na shimfiɗa fom ɗin a gabanta.

"Daga Abuja nake. Da kaina na je."

"Sannu da hanya, Baba. Ka sha ruwa?"

"Ki duba mana. Za su sake ɗauka a Yuni. Matar ta ce takardunki sun fi na kowa."

Ta duba, ta gyara kusurwar da ta lanƙwashe, ta turo mini shi.

"Ka ajiye."

"Hanyar lafiya lau take, Milka. Na gani da idona."

"Na sani. Doreen tana bi kullum." Ta ɗauki wani kwali ta duba ranar lalacewarsa. "Baba, wata biyu ina kwana ina tashi ina gaya wa kaina ban iya komai ba. Kana ji na, kana wanke babur. Yanzu ka zo da takarda wai na iya. Wancan maganar ya riga ya zauna. In na tsaya gaban mutanen nan suka tambaye ni, bakina ba zai buɗe ba."

"Zai buɗe. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Ta ɗan yi dariya, ba mai daɗi ba.

"A ina ka ji wannan?"

Wani ya shigo neman filasta, ta juya wurinsa.

Na bar fom ɗin a kan teburin ɗakinta. Washegari na same shi a kan nawa. Na ba Hulda, ta yi mata magana sau biyu, ta dawo ta ce in bar yarinya ta huta. Doreen ta kira ta, suka yi hira a kan wani biki. Na sa Fasto ya yi mata nasiha, ta saurara da ladabi ta ce za ta yi addu'a a kai. Mayu ta zo ta wuce.

Yanzu Milka tana fita bakwai da rabi ta dawo shida. Daga ƙofar gida ina iya hango ta a bakin kemis, ba mota tsakanina da ita, ba daji. Maƙwabta suna yaba mini, wai na yi dace da 'ya mai zaman gida.

Jiya na je sayen maganin hawan jini, wanda likita ya ɗora ni a kai kwanan nan. Ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta matsa, ta karanta, ta rubuta a bayan kwali da rubutunta mai kyau. Na ce mata na ji wani asibiti a Jos yana neman ma'aikata.

"Ɗaya da safe, Baba, bayan ka ci abinci," ta ce. "Ka rage gishiri."

Sannan ta dubi wata mata da ke jira a bayana ta ce, "Mama, me za a ba ki?"