Rakiyar Ovide Mai Ƙaho

"Mama Odile, ki kauce daga gaban motar nan!"

Ina! Shekarata saba'in da takwas, gwiwa ta ƙi, amma na kafa sandata a tsakiyar titi. A cikin motar gawar Ovide ce, maƙwabcina na shekara arba'in, bangon katako ɗaya tsakaninmu. Mai daka mini tsawar kuwa ɗansa ne, Clovis, da ya sauko daga Atlanta shekaranjiya yana ƙamshin turare.

"Kai Clovis, ni na rene ka! Gawa nawa ubanka ya raka da ƙahonsa a New Orleans ɗin nan? Mahauci, ungozoma, har ɓarawo ya busa wa. Shi ne za ka sulale da shi maƙabarta kamar kayan sata?"

"Ba za a yi bidiri da ubana a titi ba."

"Bidiri? Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ranar da uwata ta cika yana Paris yana busa wa baƙi. Ita wa ya busa mata?"

Nan kam ya ɗaure ni, don ni na rufe mata ido. Amma ni ce kuma ranar Laraba nake ba Ovide shinkafa da jan wake a baki, haƙora sun zube, leɓen da ya girgiza duniya yana rawa, ya ce, "Odile, kada ki bari su yi sauri da ni."

Abokan busarsa su tara suna tsaye a bakin titi, farar riga, baƙar hula. Mu a nan ba a busa wa gawa sai dangi sun yarda. Celestin, ɗaya daga cikinsu, ya cire hularsa. "Ɗana, ko waƙar coci ɗaya."

"Ko ɗaya."

"To, ka hana busa," na ce. "Titi dai ba gadonka ba ne."

Na juya masa baya, na kama hanyar maƙabarta a gaban motar, taku ɗaya, in huta, taku ɗaya. Clovis na ta yi wa direba ihu ya kewaye ni. Direban, Allah ya yi masa albarka, ya zama kurma, ya biyo ni a hankali.

A kwanar titi na waiwaya. Tsofaffin nan tara suna tafe a bayan motar, ƙahoni a ƙirji, yatsunsu suna danna maɓallan ƙahonin tare, ba sauti.