Warin da Ya Tsallako Katanga

Sailuba ta ƙura wa siririn bututun ido. Jinin 'yarta Munira ne ke fita daga jikinta, ja wur, ya shige wani inji mai tsawon mutum, ya kewaya, sannan ya komo. 

"Yanzu duk wannan aikin ƙoda ke yi?" ta tambayi ma'aikaciyar jinya.

"Har ma fiye, Mama. Ga ta ba ta wuce dunƙulen hannunki ba."

"Subhanallahi!"

Ashe tun ranar da ta haifi yarinyar nan akwai wasu bayin Allah biyu a cikinta suna wanki, ba hutu, ba ƙara, ba mai ce musu sannu. Sai da suka gaji aka san da su.

* * *

Likita ya daɗe yana tambayoyi kafin ya ce, "Hajiya, da me kuke korar sauro?"

"Fiya-fiya mana, likita." Har da ɗan alfahari ta faɗa. Tun da zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke mata ɗanta Nabil yana goye, ta rantse ba za a sake ba. Kullum da la'asar sai ta yayyafa a ƙarƙashin gadon Munira da gefen matashinta, ta rufe taga ruf. Buhun wake ma tana ɗiga masa saboda ƙwari. Duk unguwar Kusfa an san ɗakinta ko ƙuda ba ya shiga.

"Tun yaushe?"

"Tun tana rarrafe."

Likitan ya ajiye biro a hankali. "Guba ce. Abin da ke kashe ƙwaro ba ya ƙyale mutum, sai dai ya bi shi sannu. Ina zargin ita ce ta taɓa ƙodar."

Sailuba ta dubi tafin hannunta kamar na wata.

* * *

Da ta koma gida ɗauko wa Munira kaya, ta tattara kwalaben fiya-fiyar nan kaf, ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne. Maƙwabciyarta Hassana ta leƙo ta katanga.

"Maman Munira, ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Hassana, don Allah ki bar fiya-fiyar nan. Likita ya ce ita ce."

"Haba dai! Ciwo ai na Allah ne. Kuma in na bari, sauro ya cinye min jariri?"

Sailuba ta koma ɗaki.

Tana ninke zannuwa aka kira la'asar. Can sai warin nan ya tsallako katanga, ta ji an ja taga an rufe, jaririn ya yi ɗan tari ya yi shiru.