Ƙararrawar Kawu Mghanga

Shekara tara na yi a Ingila. Na dawo Nairobi da digiri biyu da akwati shida. Biyar daga ciki tarkacen jiragen da ne: cokula masu tambarin jirgin ƙasa, tikitocin kwali, fitilar ba da hannu, takardun jerin abinci na jiragen ruwan da suke tsayawa a Mombasa kafin a haife ni. Na sa aka yi mini kabad na gilashi, kowane abu da katinsa. Gurbi ɗaya ya rage: ƙararrawar da ake kaɗawa a kira fasinja zuwa taragon cin abinci.

Tana wurin Kawu Mghanga, yayan mahaifiyata, a garin Voi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kai abinci a jirgin ƙasan Mombasa, da ya bar aiki aka ba shi ita. Da na ji yana raba kayansa tun yana da rai, sai na buga wa ƙararrawar nata katin, na hau mota.

Na tarar da shi a gindin mangwaro, 'yarsa Wakesho tana soya mahamri, wani irin fanke. Shago gare ta a bakin tashar mota.

"Baturenmu ya sauka," in ji ta. "Baba, ɓoye cokula."

Na gaishe da Kawu, na yi masa bayani. Na kawo tarihi, na kawo tsatsa da danshi. Na ce a wurina ƙararrawar za ta yi shekara ɗari ba abin da ya taɓa ta.

"Ba abin da ya taɓa ta," ya maimaita. "Wakesho ma tana so."

"Me za ta yi da ita?"

"Miya zan yi da ita," in ji Wakesho. "Kai fa?"

Ya sa aka fito da ita. Ƙarafa huɗu ne a kan ɗan akwatin katako, da 'yar sandar bugawa. Gefen da babban yatsansa ke kamawa ya lotsa. Na zaro farar safar hannu daga aljihu na sa. Mu masu tara kaya ba ma taɓa ƙarfe da fata.

Kawu ya daɗe yana kallon hannuna.

"Ɗan ƙanwata, wannan safar ni dole aka sa mini a wurin aiki. Kai wa ya sa ka?"

Sai ya dubi butar da ke kan wuta.

"To, shayi ya dahu. Abokan aikina uku suna bayan gidan nan, kullum da ita nake kiransu. Kira su. In sun zo, taka ce."

Shafi arba'in na rubuta a kan taragon cin abinci. Na san inda ake ƙera ƙararrawar, na san nauyinta. Kiɗan ne ban taɓa ji ba. Duk waɗanda na gani a ɗakin gwanjo a bayan gilashi suke.

Na ɗan taɓa ƙarafan, daga hagu zuwa dama, a hankali, kada fenti ya tashi. Muka jira. Kaza ɗaya ta leƙo ta koma.

"Doke ta mana, Farfesa," in ji Wakesho. "Ba ƙwai ba ce."

Na doke ta. Wani tsoho ya ɗaga murya daga bayan katanga: "Mghanga! Akuya ta shiga ɗakinka!"

Wakesho ta goge mai a zaninta, ta karɓe. Tafiya ta yi da ita, tana bugawa tana ɗan tangaɗi kamar ƙasan na motsi, sama sau uku, ƙasa sau ɗaya, har ƙofar gida. Kafin ta juyo tsofaffi uku sun shigo a jere, kowa da kofinsa.

Kawu ya zuba musu shayi. Ya miƙo mini farantin mahamri.

"Tunda da safarka, zagaya da shi. Ta hagun mutum ake miƙawa."

Ta dama na miƙa. Su ukun suka gyara mini.

Yanzu ƙararrawar tana shagon Wakesho, da ita take kiran direbobi in wake ya nuna. Katin yana kabad ɗina, gurbinta ba komai. In baƙi sun tambaya sai in ce na ba da aro.